Amsa ga yaron da ya tambaye ni kan kujeru uku

Ɗana,

A shirin rediyo na daren Lahadi ka bugo waya ka ce: "Baba Malam, in zaɓen majalisa ya yi kankankan, ratar kujeru biyu ko uku ta isa wasu su kafa gwamnati, rabin ƙasa na kallo?" Lokaci ya ƙare kafin in buɗe baki. To, ta isa. Da ɗaci nake faɗa, don mu 'yan Damagaram mun ɗanɗana.

A zaɓen majalisar Nijar na 1993 jam'iyyar MNSD Nasara ce ta fi kowa kujeru, 29 cikin 83. Amma jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗa 50 suka kafa gwamnati, ɗanmu Mahamane Ousmane na CDS Rahama, ɗaya daga cikin jam'iyyun ƙawancen, kuma ya ci shugabancin ƙasa. Mun sha kiɗa daga Birni har Zango, ban ji ko mutum ɗaya a cikinmu ya ce an zalunci Nasara ba.

Sai jam'iyyar PNDS Tarayya ta fice daga AFC a 1994 ta haɗa kai da Nasara, shugaba ya rusa majalisa, aka koma akwati a Janairun 1995. Nasara da Tarayya da abokansu 43, mu 'yan AFC 40. Daren nan bai fita raina ba. Muna zaune a fada, wurin hirarmu da abokai, kusa da Kasuwar Dole, rediyo bisa tabarma, ina lissafi da alli a bayan faranti, shayi ya huce cikin buta ba wanda ya zuba. Abokina ya ce uku ai ba rinjaye ba ne. Na gyaɗa kai, alhali na san da mudun nan aka auna mana shekara biyu baya.

Shugaba ya naɗa Amadou Cissé firaminista, ba shi masu rinjaye suka miƙa ba. Cikin mako biyu suka kayar da shi, Hama Amadou ya hau. Daga nan aka shiga ja-in-ja kan taron ministoci da naɗe-naɗe, mu malaman makaranta muna ƙirga watannin da ba albashi. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kawar da su duka, har majalisar.

Rabin ƙasar da ka ce na kallo, ɗana, ba kallo aka bar musu ba. Wakilansu na cikin zauren da bakinsu da ƙuri'arsu. Da mu masu 40 mun zauna mun shawo kan 'yan majalisa biyu kacal, da lissafi ya koma 42 da 41.