Wasiƙa kan Sikila, Sauro da Zaɓin Yanayi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma zaman can yana muku daɗi. Saƙonka ya iso, tambayarka kuma ta cancanci a zauna mata: in har amosanin jini yana ɗauke yara tun ba su isa aure ba, me ya hana shi ƙarewa a cikinmu tun zamanin kakanni? Amsar tana wurin sauro. Ita ce kuma misali mafi kusa da mu na abin da masana halittu ke kira zaɓin yanayi, wanda Charles Darwin ya yi bayaninsa a 1859.

Ka san aikin manomi da kaka: yakan ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye ta iri, baɗi gona ta ɗauko kamanninta. Zaɓin yanayi haka yake, sai dai ba hannun mutum ke warewa ba. Cuta ce, ko fari, ko yunwa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a sami bambanci tsakanin 'yan jinsi ɗaya, ya kasance ana gadonsa, kuma yana shafar wanda zai rayu har ya haihu. In waɗannan suka haɗu, yawan wannan siffa yakan sauya daga tsatso zuwa tsatso.

Bambancin namu ƙarami ne ƙwarai. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himoglobin mai ɗaukar iskar oksijin. Harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon da ke tsara shi, sai tubali na 6 a sarƙar beta, ɗaya daga sarƙoƙin da suka haɗa himoglobin, ya zama wani daban. Wannan shi ne S, na asali kuma shi ne A. Idan oksijin ya yi ƙasa, himoglobin S yakan manne da juna ya zama kamar tsinkaye, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi yake zuwa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jininsa ba ya cika.

Wannan ga wanda ya gaji S daga uwa da uba ke nan, wato SS. Wanda ya gaji ɗaya kawai, AS, lafiyarsa lau a mafi yawan lokuta, kuma yana da wata garkuwa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, falsiparum, a cikin jajayen ƙwayoyin jini take hayayyafa. In ta shiga ta mai AS, ƙwayar takan lanƙwashe da wuri, saifa ta tsince ta ta lalata da abin da ke cikinta. Ba ta kuma manne wa bangon jijiyoyi sosai, wanda shi ne ke kawo zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Haɗarin zazzaɓi mai tsanani ga yaro mai AS yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a 1954, daga aikinsa a Gabashin Afirka.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi, don a nan abin yake fitowa fili. Ka ƙaddara gari inda S ke da 15 cikin kowane 100 na ƙwayoyin gadon himoglobin, kuma an haifi jarirai 1,000. Za a sami AA wajen 722, AS 255, SS kuma 23. A ce babu asibiti, duk SS ɗin sun rasu da ƙuruciya: an rasa S guda 46. In nan aka tsaya, lalle S zai riƙa raguwa. To amma zazzaɓi yana nan yana ɗibar AA. A ce ya ɗauke 127 daga cikinsu, bayan mace-macen da ke samun kowa. Saura AA 595 da AS 255, jimla 850. Kowa na ɗauke da ƙwayar gado biyu, 1,700 ke nan, 255 daga ciki S ne. Raba ka gani: 15 cikin 100, daidai inda aka fara. Sikila na cin S ta gefe guda, sauro na cin A ta ɗaya gefen, ma'auni ya tsaya cak. Lura kuma da cewa masu AS sun tashi daga kashi 25 da rabi a jarirai zuwa kashi 30 a manya.

Lambobin nan na misali ne, amma an ga irinsu a ƙasarmu. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓi a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yau. An tarar kimanin 2 cikin 100 na jarirai SS ne, amma a manyan yara da wuya ka ga ɗaya. AS kuwa daga wajen 24 cikin 100 a jarirai ya kai kusan 29 a waɗanda suka wuce shekara biyar. Ba haihuwarsu aka ƙara ba, sauran ne suka ragu. Duk lokacin da na tuna waɗannan lambobi nakan tuna cewa kowace ɗaya yaro ce da uwa ta yi wa kuka.

Akwai kuskuren fahimta da nake so ka kauce masa. Ba zazzaɓi ne ya ƙirƙiri S ba, ba kuma jiki ne ya ga buƙata ya samar da shi ba. Sauyin harafin aukuwa ya yi haka kawai wajen kwafar ƙwayoyin gado, sannan sauro ya sa masu shi suka fi barin zuriya. Kuma "wanda ya fi dacewa" da ake faɗa a zancen zaɓin yanayi ba ya nufin wanda ya fi ƙarfi. Dacewa da muhalli take tafiya. Inda babu zazzaɓi, S asara ce zalla. Shi ya sa ya yi ƙaranci a tsaunukan Gabashin Afirka masu sanyi. A Amurka ma kusan 1 cikin 13 na baƙar fata ne ke da shi, ƙasa da namu sosai, ko da yake cuɗanyar aure da wasu jinsi ita ma ta rage shi. A Burkina Faso da arewacin Ghana kuma wani sauyin ne daban, C, a wannan tubali na 6 ɗin, ya yaɗu saboda wannan dalilin na zazzaɓi.

Lissafin nan yana da wani darasi ga masu cewa cutar za ta ƙare da kanta. Daga S guda 301 da ke cikin jarirai 1,000 ɗin, 255 suna jikin masu lafiya. Ko da an kawar da sauro gobe, S zai daɗe yana yawo tsatso bayan tsatso, domin yana ɓoye inda ba a ganinsa.

Saboda haka gwajin jinotaif kafin aure ba wasa ba ne. In AS ya auri AS, kowane ciki da nasa rabon: 1 cikin 4 SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Ba wai in an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Kowace haihuwa sabon lissafi ce. A kuma tambayi irin gwajin da za a yi. Na duba lanƙwasar jini kawai ba ya bambanta AS da SS, sai wanda ke rarrabe nau'in himoglobin da wutar lantarki, shi ne kuma ke nuna C. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya jira, don jinin da aka sa masa zai rikita sakamako. Mai AS kada ya yar da gidan sauro, yana kamuwa da zazzaɓi kamar kowa, tsananinsa ne ke raguwa. Mai SS kuwa zazzaɓi ya fi masa haɗari fiye da kowa, shi ya fi buƙatar gidan sauro da maganin rigakafi.

Ka gaishe min da mai ɗaki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.