Sanarwa: tafiyar Huangling ranar Asabar

Salam ƴan uwa ɗaliban Xi'an, maganar zuwa kabarin Huangdi ɗin nan na garin Huangling da Sinawa ke ɗauka kakansu tana nan, mota zata tashi 6 na safe daga bakin get, don Allah banda lattin nan namu. Mun matsar da ita ne saboda bikin Qingming na ziyarar kaburburan kakanni, farkon Afrilu wajen baya shiguwa don cunkoso. Zamu fara da haikalin Xuanyuan (wani sunan Huangdi ne) muga tsohuwar bishiyar da suke cewa shi ya dasa da hannunsa shekara 5000 da suka wuce, sannan mu hau dutsen Qiao, matakala ce ba wasa ba kowa ya saka kambas. Zaku ga suna kunna turare suna rusunawa, mu kallo ya kaimu, banda dariya ko hayaniya. A taho da fasfo da darduma.