Biniam Girmay ya sauya ƙungiya: wa zai share masa hanya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani labari da kuka ba layi huɗu kacal a ƙasan shafin wasanni, wato komawar ɗan tseren keken nan na Eritiriya, Biniam Girmay, daga ƙungiyar Intermarché-Wanty zuwa NSN, bisa kwantiragin shekara uku da zai ƙare a 2028. Na san ƙwallon ƙafa ce ke sayar da jarida. Amma yaron nan ya fi ƙarfin layi huɗu, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake hasashen makomarsa.

Tun ranar da labarin ya fito nake jin magana iri biyu. Wasu na cewa ya gama yayinsa, tunda bai ci zango (tseren yini guda) ko ɗaya ba a gasar Tour de France ta 2025, koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki ma Jonathan Milan na Italiya ne ya tafi da ita. Wasu kuma na cewa yanzu da ya samu ƙungiya mai ɗan maiƙo, nasara za ta riƙa zuwa da kanta. Ni dai a ganina duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da zai yanke hukunci shi ne mutanen da za su kasance a gabansa a kilomita biyun ƙarshe, da kuma irin tseren da za a zaɓa masa.

Bari in yi bayani don wanda bai saba kallon wasan ba. Na shekara ashirin ina hawan keke na dogon zango, kuma abin da ƙafata ta koya mini kafin in karanta shi a ko'ina shi ne, babban abokin gabar mai keke iska ce. In ka lafe a bayan wani, tayarka ta gaba na neman taɓa tasa ta baya, sai ka ji kamar an sauke maka kaya daga ka, har ƙarar iskar da ke kunnenka ta ragu. Masana sun ce mutum na tsimin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa a haka. Da ka leƙo gefe kuwa, sai ka ji ta bugi ƙirjinka kamar bango. To, ka ƙaddara mutum ɗari da saba'in da wani abu suna rige-rigen shiga titi ɗaya a gudun da ya haura kilomita 60 a awa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Mai gudun ƙarshe ba ya da abin kashewa sai daƙiƙa goma sha biyar ko ƙasa da haka. In ya ƙone su wajen neman gurbi, shi ke nan, ya zo layi fanko. Shi ya sa ake ba shi mutum biyu ko uku da aikinsu kawai su sha iska a madadinsa, su ratsa da shi cikin cunkoso, su ajiye shi saura mita 200, sannan su kauce.

A 2024 Girmay yana da irin wannan mutumin, Mike Teunissen ɗan Holan, gogagge mai sanyin kai. A shekarar ya ci zango uku a Tour, ya kai koriyar riga har birnin Nice inda aka rufe gasar, duk da mummunar faɗuwar da ya yi a zango na 16. Da shekarar ta ƙare Teunissen ya koma ƙungiyar Astana. Sauran labarin duk wanda ya kalli tseren 2025 ya gani da idonsa: sau nawa kyamara ta nuno Girmay shi kaɗai, yana waige, yana neman tayar da zai bi? A zangon farko a Lille ya zo na biyu bayan Jasper Philipsen, wanda abokansa suka ɗauko shi kamar ango suka dire a bakin layi. Ƙafar da ta zo ta biyu a ranar farko ta Tour ba matacciya ba ce. A lokacin Intermarché tana cikin ƙungiyoyi masu ƙaramin aljihu a babban rukuni, ba ta iya riƙe mutanenta in masu kuɗi sun taya. Ƙarshenta ma haɗewa ta yi da ƙungiyar Lotto, inda Arnaud De Lie yake, mai irin gudunsa da irin burinsa. Zakara biyu a akurki ɗaya, ka san ba za a kwana lafiya ba. Don haka tafiyar ba ta ba ni mamaki ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai ina tsoron kuskure ɗaya, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Kada sabuwar ƙungiyar ta ɗauka ta sayi mai gudun shimfiɗaɗɗen titi irin Tim Merlier ko Milan. In titi ya miƙe sumul, babu hawa babu gangara, waɗannan ƙartin sun fi shi ɗanyen ƙarfi, kuma faɗin haka ba raini ba ne. Baiwar Girmay daban take. Shi mutum ne da ke saura da kuzari bayan wahala ta tankaɗe sauran. A tuna yadda ya ci Gent-Wevelgem a watan Maris na 2022: kusan kilomita 250 a Beljiyam, iska ta gefe, hawan Kemmelberg mai shimfiɗar duwatsu, suka rage su huɗu, ya fara gudu tun daga nesa, Christophe Laporte ya bi ya kasa kamo shi. Bayan wata biyu, a garin Jesi a gasar Giro ta Italiya, shahararren ɗan tseren Holan Mathieu van der Poel da kansa ya biyo shi har ƙarfinsa ya ƙare, ya zauna a sirdi ya ɗaga masa babban yatsa tun kafin su tsallaka layi. Har yau in na tuna hoton nan sai tsigar jikina ta tashi. A ranar ce kuma marfin kwalbar murna ya fallatsa ya same shi a ido a kan mumbari, washegari bai iya ci gaba da gasar ba. Zango na biyu cikin ukun da ya ci a Tour ta 2024, a Colombey-les-Deux-Églises, shi ma a kan hawa aka ƙare. Wanda ya tashi a Asmara, birnin da ke sama da mita 2,300 daga teku, huhunsa ya saba da ƙarancin iska tun yana yaro. Irin wannan mahayi tserukan kwana ɗaya na watan Maris da Afrilu ya kamata a gina masa shekara a kansu, musamman Milan-San Remo mai kusan kilomita 300, sannan a zaɓi zangunan Tour masu tudu a ƙarshe.

Akwai wani tarko kuma. Hukumar keke ta duniya, UCI, tana tara wa ƙungiyoyi maki na shekara uku-uku, da shi ake tantance goma sha takwas da za su zauna a babban rukuni. Sabon lissafi ya kama daga 2026 zuwa 2028, daidai tsawon kwantiraginsa. Ƙungiyar da ya koma ta taɓa ɗanɗana zafin faɗowa a ƙarshen 2022, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Jarabar da za ta same su ita ce su riƙa aika shi kowane ƙaramin tsere don ya kwaso maki, daga Janairu har Oktoba. In suka yi haka za su samu na biyar da na shida rututu, su rasa babbar nasara ɗaya da aka ɗauko shi dominta. A kuma bar shi ya riƙa komawa gida. Bayan Gent-Wevelgem, duniya na roƙonsa ya tsaya tseren Flanders da ke tafe bayan mako ɗaya, ya ce sai gida wajen iyalinsa, ya hau jirgi. Daga can ya dawo ya ci zango a Giro. Wanda ya san kansa haka tun yana ɗan shekara 21, a saurare shi in ya ce ya gaji.

Ba zan rufe ba tare da taɓo abin da ya tsaya wa da yawa daga cikinmu a rai ba. NSN ita ce tsohuwar Israel-Premier Tech, wadda zanga-zangar adawa da yaƙin Gaza ta bi ta gari-gari a gasar Vuelta ta Sifaniya a 2025, har aka kasa kammala zangon ƙarshe a Madrid. Yanzu an sauya suna, rajista ta koma Suwizalan, kamfanin da tsohon ɗan wasan Barcelona Andrés Iniesta ke da hannu a ciki ya shigo. Ni ma da na ji sunan ƙungiyar sai da gabana ya faɗi. Ina fata sauyin na gaskiya ne har zuci, domin mahayin da ke tunanin ko za a tare hanya a gaba ba zai iya sa hankalinsa kan tayar da ke gabansa ba, kuma bai kamata a mai da sunan yaron nan sabulun wanke wa kowa riga ba. Wannan nauyi ne a wuyan masu ƙungiyar, kuma za mu sa ido.

Shekarun Girmay 25 lokacin da ya koma NSN. Ba wannan ne karon farko da ya sauya gida a tsakiyar rikici ba: a 2021 ƙungiyarsa ta Faransa, Delko, tana durƙushewa ya koma Intermarché a watan Agusta, kafin Satumba ta fita ya ɗauki lambar azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Leuven. Ina kallo a wayata ranar 1 ga Yuli 2024 lokacin da ya kutsa ta jikin shingen ƙarfe a Turin, ta wata 'yar kafa da ban yi zaton keke zai wuce ba, ya bar Fernando Gaviria da De Lie a baya, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a Tour. Da aka miƙa masa makirufo hawaye suka hana shi magana, ni ma sai da na ajiye wayar na share nawa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in watan Maris ya kama, ka sa wakilinka na wasanni ya zauna ya kalli Milan-San Remo da Gent-Wevelgem, ya ƙirga mana riguna nawa na NSN ke kewaye da Girmay saura kilomita goma, ya buga mana adadin tare da sakamakon. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Mai karatu, kuma mahayin keke