Takardar Koke Kan Halin da Baƙin Kusugu Ke Shiga Lokacin Sallar Gani

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar,
ta hannun Mai Unguwarmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nasara. Mu talakawanka mazauna kewayen rijiyar Kusugu mun faɗi mun yi gaisuwa, muna neman afuwa kafin mu yi magana.

Ranka ya daɗe, abin da ya faru a Ganin da ya wuce ne ya hana mu yin shiru. Washegarin hawa wata malama ta kawo ɗalibai daga nesa su ga rijiyar da suke karantawa a littafi. Tun kafin su kai ƙofa wasu samari suka tare su, wai sai kowa ya biya kuɗin wucewa. Suka kuma sayar musu da ruwan famfo a robobi da sunan ruwan Kusugu. Ɗayansu har rantsuwa yake wai macijin yana ciki da rai! Da wani dattijonmu ya tsawata, a gaban baƙi suka zage shi. Malamar ta kwashe yaranta suka juya, ko leƙa rijiyar ba su yi ba.

Zaki, garin da Ayana ta sauki Bayajidda ba ta san shi ba, garin da ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa in ba ran Juma'a ba, har Daurama ta aure shi, yau a nan ake tare baƙo a hanyar ruwa? Wallahi abin ya yi mana ciwo.

Mun sha kai kuka. Mun zauna da iyayen yaran, an yi alkawari, shekara ta zagayo abin sai ƙaruwa. Ga 'yan acaɓa na gudu cikin cunkoso, ga ledoji sun toshe kwata.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa dogarai a hanyar Kusugu kwanakin Gani. A zaɓi dattawan da suka san tarihi su riƙa yi wa baƙi bayani. In akwai kuɗin shiga a rubuta shi a allo kowa ya gani. A hana babura shigowa, a kwashe shara kafin Rabi'ul Awwal. Samarin nan kuma, ranka ya daɗe, a kira su fada da iyayensu, don mu dai sun daina jin maganarmu. A taimaka a kira su.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna kewayen rijiyar Kusugu, Daura.