Zuwa ga abokina a Jamus, kan maganar laƙabin umarni

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma sanyin can bai fi ƙarfinka ba. Mu nan Kano hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kowace safiya sai na kakkaɓe ƙura daga kan kibod kafin in fara aiki. Mutan gida duk lafiya, Hajiya tana tambayarka.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi sai da na yi dariya da na kai wurin da kake cewa yatsunka sun fara ciwo saboda buga umarni ɗaya sau ashirin a rana. Wato tun da suka ɗora maka kula da sabobinsu, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukansu da manhajojinsu, haka kake fama? Ai da ka yi magana tun farko. Maganin abin yana nan a cikin shel ɗin da kake amfani da shi, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa. Sunan maganin alias, ni kuwa laƙabi nake ce masa, don aikinsa ke nan. Ka san yadda za a raɗa wa yaro suna mai tsawo ranar suna, amma a gida kowa Ɗanladi yake kiransa? To haka ne. Idan ka buga layi, bash, shel ɗin da yawancin Linux ke zuwa da shi, yakan duba kalmar farko, in ya same ta a cikin laƙaban da ka ajiye sai ya musanya ta da cikakken umarnin kafin ya aiwatar. Tsohuwar dabara ce, tun ƙarshen shekarun 1970 take cikin csh, shel ɗin da Bill Joy ya rubuta a Berkeley, kafin ma bash ya fito a 1989.

Ga wasu daga nawa, ka gani da idonka:

alias sabunta='sudo apt update && sudo apt upgrade'
alias wuri='df -h'
alias kofa='sudo ss -tulpn'
alias labari='journalctl -u nginx -n 100 -f'

Da safe in na shiga saba, wuri nake fara bugawa in ga ko diski ya kusa cika, sannan labari in ga abin da nginx, manhajar da ke miƙa shafukan yanar gizo, ya kwana yana yi. Da Hausa na sa musu suna da gangan, domin babu wani umarnin Linux da zai yi karo da su. Na rubuta kofa ba ƙofa ba saboda kibod ɗin ofis ba shi da lanƙwasa, kada ka kai ni ƙara wurin malaminmu na Hausa.

Abu biyu za su ba ka haushi a ranar farko. Kada ka bar sarari a gefen alamar daidai, ko ta hagu ko ta dama, in ka bari bash zai ƙi. Sannan laƙabin da ka buga kai tsaye a taminal yana mutuwa da zarar ka rufe ta. In kana so ya zauna, zuba shi a fayil ɗin .bashrc da ke cikin foldar gidanka. A Ubuntu ma an riga an shirya .bashrc ya riƙa karanta wani fayil mai suna .bash_aliases in akwai shi, ni can nake tara nawa. Bayan ka adana sai ka buga source ~/.bashrc, shi ke nan. In kuma Mac suka ba ka, tun 2019 zsh ne suke zuwa da shi, don haka naka fayil ɗin .zshrc ne.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni. Ubuntu yana zuwa da laƙabin ll a shirye, mai jero fayiloli dalla-dalla, amma in na sa masa sudo a gaba don in yi aikin da ikon mai kula da saba, wato sudo ll, sai a ce ba a san shi ba. Ashe dalilin shi ne bash kalmar farko kawai yake dubawa, kuma a nan sudo ce ta farko. Gyaran abin dariya ne: alias sudo='sudo ' da sarari guda a ƙarshe. Wannan sararin shi ke sa bash ya duba kalma ta gaba ita ma. Haka kuma kada ka sa laƙabi a cikin sikirif, wato fayil mai jerin umarni, ko aikin cron mai gudana da kansa a kan lokaci, kana tsammanin zai yi aiki, can ba a san shi ba, cikakken umarni za ka rubuta. In kuwa abin da kake so yana buƙatar cusa sunan fayil a tsakiyar umarni, laƙabi ba zai iya ba, sai ka rubuta fankishin, wato ɗan guntun shiri mai suna da ke karɓar abin da ka miƙa masa.

Yanzu bari in ba ka labarin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar wasiƙa maimakon in tura maka layi huɗu ta WhatsApp. A wurin da na fara aiki, sabobin duk dangin Red Hat ne, kuma su akawun ɗin root, mai cikakken iko a saba, yana zuwa da rm, umarnin goge fayil, a matsayin laƙabin rm -i. Wato duk fayil ɗin da za ka goge sai an tambaye ka, ka amsa da y ko n. Na fi shekara a haka, har hannuna ya saba da buga rm *, wato goge duk fayilolin folda, ba fargaba, ina zaɓe ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Rannan wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka kira ni, wata sabar Ubuntu ta cika. Na shiga da barci a idona, na tsaya a foldar da nake zaton ta tsofaffin fayilolin log ce, masu tara rahoton aikin manhaja, na buga rm * ina jiran tambaya. Ba tambayar da ta zo. Alamar nan ta dawo sabon layi tana ƙyaftawa shiru. Na buga ls, wayam. Sai a lokacin na duba pwd, mai nuna foldar da kake ciki, na ga ashe a foldar saitin manhajar nake. Gumi ya karyo mini duk da fanka tana kaina. Allah Ya taimake ni akwai kwafin daren jiya, amma gyare-gyaren da aka yi a ranar sai da na sake su da hannu, ina cikin haka aka kira assalatu.

Tun daga ranar na daina ba umarni mai haɗari laƙabi da sunansa na asali. Nawa shi ne alias goge='rm -i'. In na shiga sabar da ba ta da shi na buga goge, iyakaci a ce ba a san umarnin ba, in ji kunya ni kaɗai, ba abin da ya ɓata. Akwai abokan aiki da ke ganin rm -i ɗin ya fi, mun sha musu da su a kan shayi, har yau ban canja ra'ayi ba. Kuma duk sabar da ba ni na kafa ta ba, kafin in taɓa komai nakan buga alias shi kaɗai in ga jerin abin da mai ita ya ajiye, ko type rm in ga ko an yi masa riga. In kana so ka tsallake laƙabi sau ɗaya, sa \ a gaban umarnin, kamar \rm, sai ka samu na ainihi.

Ka fara da guda biyar kawai, waɗanda ka fi bugawa. Duba history za ka gan su suna maimaita kansu. Ni da zumuɗi na tara wajen sittin a farko, yau rabinsu ban ma tuna abin da suke yi ba.

In ka shirya naka ka turo mini in gani, musamman sunayen da za ka sa musu, don na san halinka. Ka gaida iyali, ka kuma faɗa mini ko da ƙaramar salla za ka zo, in sa a ajiye maka kilishinka.

Naka har kullum,
abokinka na Kano