Wasiƙa zuwa ga Edita: Zaɓen waya da layi ga wanda ba ya yawan kira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami, alhali yana shafar iyayenmu da kakanninmu a kusan kowane gida, wato yadda ake zaɓa wa mutumin da ba ya yawan kira wayar da zai riƙe da layin da zai riƙa saka wa kati. Duk lokacin da aka yi bayani a kan wayoyi, hankali yakan karkata ga matasa masu neman kyamara mai kyau da data mai arha, a manta da dattijon da wayarsa ke kwana a aljihun rigar da ke rataye, wanda ba ya taɓa ta sai an yi haihuwa ko rasuwa, ko kuwa zai tambayi farashin hatsi a Dawanau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami kawuna, tsohon malamin firamare da ke zaune a wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Mu 'ya'yan 'yan'uwansa muka haɗa kuɗi muka saya masa babbar waya irin ta shafawa, da niyyar girmama shi, amma bai ji daɗinta ba tun daga ranar farko, domin kullum sai an kai ta wurin mai caji a bakin kasuwa, kuma yatsan da ya saba da alli da fartanya yakan katse kira a lokacin da yake son amsawa. Da gilashinta ya fashe sai ya naɗe ta ya ajiye a akwati da layin a cikinta, mu kuma muka koma kiransa ta wayar ɗansa, ba tare da ɗayanmu ya tuna da layin ba. Bayan fiye da shekara guda wani tsohon ɗalibinsa ya buga lambar domin ya gaishe shi, sai wani baƙo daga wata jiha ya amsa, ya ce shi ya sayi layin sabo, kuma ya daɗe yana ganin saƙonnin banki na wani mutum da bai sani ba. Saƙonnin fanshon Kawu ne. Allah ya sa mutumin mai gaskiya ne, ko kwabo bai salwanta ba, amma sai da dattijon nan ya yi zuwa uku birni kafin a sauya lambar da ke haɗe da asusunsa.

Na bi diddigin lamarin, sai na tarar ba a karya wata doka ba. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ce layin da ya yi wata 6 ba a yi wani amfani da shi da ke kawo wa kamfani kuɗin shiga ba, kamar kira ko tura saƙo ko sayen data, ana iya rufe shi, kuma idan ya ƙara wasu wata 6 a haka ana iya karɓe lambar a sayar wa wani. Hujjar ita ce lambobi suna da iyaka, kuma mai layi aron lambar aka ba shi. Ban ƙi hujjar ba, amma ina ganin an bar jama'a cikin duhu game da ita. Waɗanda suka ga zuwan wayar salula a 2001, lokacin da ake sayen layi shi kaɗai da dubban naira, ana kuma cajin naira 50 a kan kowane minti kafin Glo ya zo da lissafin daƙiƙa a 2003, sun taso da ɗaukar layi a matsayin kadara irin wadda ake kullewa a akwati. Yau layi ya yi arha, amma lambar da ke kansa ta fi dā daraja nesa ba kusa ba, tunda ita ce ke haɗe da BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ta nan ake turo lambobin sirri na banki, kuma ita ce dangin da ke Legas ko Maraɗi suka haddace.

Saboda haka nake ganin duk wanda zai saya wa irin wannan mutum waya ya fara da tambayar yadda layin zai ci gaba da rayuwa, kafin ya tambayi kyan wayar. Amsar kuwa tana komawa ga wayar da mai ita zai iya sarrafa ta da kansa. Ƙaramar waya mai madannai, wadda ake kira mai tocila, irin su Nokia da Itel da Tecno da ke cike a Farm Centre da titin Beirut a Kano, ta fi dacewa da shi, domin cajinta yakan kai kwanaki ga wanda ba ya yawan magana, batirinta ana cire shi a sauya da kuɗi kaɗan idan ya kumbura, kuma ko ta faɗi ƙasa ba kasafai take mutuwa ba. A duba cewa lambobin madannan manya ne, ƙarar kira tana fita sosai, rubutun allon kuma mai raunin gani zai iya karanta shi. A kunna ta a gaban mai shago, a saka layi a gwada kira, a karɓi rasit, domin jabu ta yi yawa, kuma sau da yawa ba a gane ta sai batirin ya fara mutuwa cikin yini ɗaya. Tocila da rediyon da ke jikinta ba ado ba ne, su ne ke sa dattijo ya riƙa ɗaukar ta kullum, wayar da ake ɗauka kullum kuwa ba a mantawa da layinta.

Game da kamfanin da za a zaɓa tsakanin MTN da Airtel da Glo da na huɗunsu da aka daɗe da sani da 9mobile, babu wanda zai yanke hukunci daga birni. A tambayi maƙwabtan mai wayar wane layi ne yake da sabis har cikin ɗaki, ba sai an fita bakin gari ko an hau tudu ba. Kuma ko da wayar mai cin layi biyu ce, shawarata a saka mata guda ɗaya, domin wanda da ƙyar yake kira da layi ɗaya, na biyun ne zai fara mutuwa.

Wajen tsarin kira ne aka fi yi wa masu ƙaramin amfani asara. Tsare-tsaren da ke ninka kati da garaɓasa suna da daɗin ji a talla, amma garaɓasar tana da wa'adi na 'yan kwanaki, kuma galibi kuɗin daƙiƙa a kansu ya fi tsada, don haka wanda yake kira sau biyu a mako ba zai ci garaɓasar ba, tsadar kawai zai biya. Tsari maras kwalliya mai sauƙin kuɗin daƙiƙa shi ya fi masa, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. A kuma koya masa guje wa rancen kati, domin ana cire lada a kansa, sannan a duba ko an saka shi cikin wasu hidimomi da ke zaftare kuɗi a hankali, irin waƙar da mai kira ke ji da saƙonnin wasanni. Abin farin ciki shi ne tun 2023 lambobin aiki sun zama iri ɗaya a duk layuka: *310# na duba kuɗi, *311# na saka kati, 300 na kiran kamfani. Tura kalmar STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla, 622 kuma ita ce lambar kai ƙara ga NCC kyauta idan kamfani bai share wa mutum hawaye ba. Mu dai mun rubuta wa Kawu waɗannan da manyan baƙaƙe a jikin kwalin sabuwar wayarsa.

Akwai wani kuskure da muke yi saboda gaggawa, wato yi wa tsoho rajistar layi da sunan ɗansa ko jikansa, ko ma sayen layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi. Tun daga Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layi da NIN, galibi wanda sunansa ke kan layi ne ake nema kafin a dawo da shi idan ya ɓata ko ya lalace, don haka wahalar kai dattijo ofishi sau ɗaya ta fi sauƙi a kan neman jikan da ya tafi ci-rani ranar da aka sace waya. Bayan haka a ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin tura wa dattijon kati kaɗan kowane wata, a kuma roƙi dattijon ya kira da kansa ko da na minti ɗaya ne, maimakon filashin da aka saba. Wanda zai yi doguwar jinya ko doguwar tafiya ya tambayi kamfaninsa tsarin ajiye lamba da ake biyan kuɗi kaɗan a kansa.

Malam Edita, roƙona ga hukuma da kamfanonin sadarwa shi ne kafin a karɓe lambar mutum a nemi wata hanya ta sanar da shi ban da rubutaccen saƙo da Turanci da ake aikawa cikin wayar da ke kashe. A ba mai rajista damar bayar da lamba ta biyu ta wani ɗan'uwa da za a kira da murya, da Hausa ko harshen da ya zaɓa, sannan a tabbatar an raba lambar da asusun bankin tsohon mai ita kafin ta shiga hannun wani. Ku kuma ina roƙon ku ware shafi guda ku bayyana wannan ƙa'ida ta wata 6 dalla-dalla, domin malaman makaranta da limamai da masu shagon caji da ke karanta jaridarku su isar da ita ga waɗanda ba sa karatu.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Kano