Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dakta Tedros: Ina Dattijon Da Ganinsa Ba Zai Dawo Ba Zai Nufa?

Zuwa ga Mai Girma Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus,
Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Hukumarka ce ta sanar da duniya, a rahoton 2019, cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 na fama da matsalar gani, kuma biliyan 1 daga cikinsu da an kula tun farko da an kauce wa matsalar, ko kuma har yanzu ba a duba su ba. A 2021 Majalisar Lafiya ta Duniya, wato babban taron ƙasashe mambobin hukumarka, ta ɗora wa ƙasashe buri biyu zuwa 2030: ƙarin maki 30 cikin 100 na masu samun aikin yanar ido mai inganci, da ƙarin maki 40 na masu samun tabarau. Wannan aiki ne na a yaba, ban kuma zo rage masa daraja ba.

Sai dai duka burin biyu na waɗanda ganinsu zai dawo ne. A cire yana, a sa gilashi, mutum ya tashi yana gani. To, tsohuwar da hawan jinin ido ya riga ya cinye mata jijiya fa? Dattijon da ciwon suga ya lalata masa bayan ido, ko wanda tsufa ya ɓata masa tsakiyar gani har ba ya shaida fuskar jikansa? Waɗannan ba wuƙa ko tabarau da za su mayar musu da abin da ya tafi. Likita kan ce, "Baba, sai haƙuri, ba abin da za a iya yi." Gaskiya ya faɗa game da idon. Game da mutumin kuwa, aikin ma yanzu ya fara.

Akwai abin yi, da yawa ma. Ana koya wa wanda ya makance da tsufa yadda zai riƙe farar sanda ya lalubi bakin matakala, ya tsallaka titi da kunne, ya zuba ruwan zafi ba tare da ya ƙone ba. Ana sa wa kwalaben magani alamar da yatsa zai gane, don kada na dare ya koma na safe. Mai sauran gani kaɗan, madubin ƙara girman rubutu da fitila mai kyau kan dawo masa da karatu. Wayar da ke aljihunsa tana iya karanta masa saƙo da murya, in an samu mai haƙurin nuna masa. Mafi yawan kayan nan suna cikin jerin kayan taimako 50 da hukumarka ta fitar tun 2016. Amma rahoton da kuka fitar tare da UNICEF a 2022 ya nuna a wasu ƙasashe marasa ƙarfi kashi 3 cikin 100 kacal na mabuƙata ke samun irin waɗannan kaya.

Kuma sanda ba tare da mai koyarwa ba, a bayan ƙofa take ƙarewa. Nan ne ake yawan tafka kuskure: a raba kaya, a ɗauki hoto, a watse. Ɗan shekara 75 ba yaro ba ne da ya tashi a makarantar makafi. Ya yi rayuwarsa duka da ido, ga tsoron faɗuwa, ga kunyar a gan shi yana lalube, sau da yawa ga kunne ya yi nauyi, gwiwa na ciwo. Sai an bi shi har ɗakinsa, a hankali, kuma gara a fara tun da sauran gani, don ba a fafe gora ranar tafiya.

In aka bar shi, sakamakon sananne ne, yana ma cikin bayanan hukumarka: kaɗaici, faɗuwa, karaya, da komawa hannun masu jinya tun lokaci bai yi ba. A 2024 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya saka matsalar gani da ba a kula da ita ba cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa. Galibi kuma wata 'ya ko jika ce ke barin aiki ko makaranta ta zama 'yar jagora, asarar da ba ta shiga lissafin kowace ma'aikata.

Wani abin takaici, hanyar neman taimakon kanta da ido ake bin ta. Fom mai ƙananan haruffa, layin da ake nuna lamba a allo ba a kiran suna, rajistar da sai ta intanet. Wanda ya tsara wannan bai taɓa rufe ido ya gwada ba.

Ga roƙona. Gwamnatoci abin da za a tambaye su lissafinsa suke zuba wa kuɗi. Ka kai wa Majalisar Lafiya ta Duniya buri na uku: cikin dattijan da ganinsu ba zai dawo ba, nawa ne suka samu horo da kayan taimako? Ƙudurin da Majalisar ta zartar a 2023 kan ƙarfafa ayyukan farfaɗo da marasa lafiya ya riga ya share maka hanya. Ka kuma matsa wa ministocin lafiya su mayar da shi doka a asibitin ido: ba a sallamar irin wannan majinyaci sai an haɗa shi da mai koyarwa, da suna da rana, kuma a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su iya koyar da abubuwan farko a gida.

Zuwa 2030, mutum 1 cikin 6 a duniya zai kai shekara 60 ko fiye. Wa'adinka zai ƙare a 2027. Ina roƙon a ga wannan batu a ajandar taron Majalisar Lafiya ta Duniya na watan Mayu kafin ka sauka.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Naka,
Mai kishin lafiyar dattijai